'Yata makauniya ce, burinta karatun lauya: ta ina za mu fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. 'Yata ta biyu ta rasa ganinta tana da shekara 9 bayan ciwon ƙyanda. Mun kai ta makarantar masu buƙata ta musamman, yanzu tana aji biyu na babbar sakandare, ta iya rubutun makafi, malamanta kuma suna yabon ƙwaƙwalwarta. Ita dai burinta ta zama lauya. Dangin mahaifinta suna cewa wahalar da kai ne, jami'a ba ta ɗaukar irinsu, ko ta ɗauka ma wa zai riƙa yi mata jagora. Don Allah da gaske akwai hanya? Yaya za ta rubuta JAMB, kuma wane taimako ake ba su idan sun shiga?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya saka miki da alheri bisa tsayawar da kika yi mata. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko doka da tsarin karatu sun ba makauniya damar shiga jami'a, ta yaya ake jarraba ta, sannan idan ta shiga ya za ta rayu a ciki. Amsar ta farko a taƙaice ita ce e, akwai hanya, kuma makafi da dama sun bi ta, maza da mata. Sai dai na shafe shekaru ina koyarwa da kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman a wata babbar makaranta, kuma abin da na gani shi ne wannan: ƙofar shiga da iyaye suka fi jin tsoro ta yi sauƙi fiye da da. Inda yara suke faɗuwa wuri biyu ne, kafin a kai ƙofar, wato sakamakon sakandare, da kuma bayan an shiga, lokacin da kowa ya yi barka ya koma gida aka bar yarinya da malamin da bai taɓa koyar da makaho ba. Kin yi sa'a da kika tambaya tana aji biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da maganar dangi, tunda a gida take. Ba ƙiyayya ba ce ta sa suke faɗar haka, abin da suka tashi suka gani ne. A ƙasar Hausa makaho yana da matsayinsa da aka yanka masa tun kaka da kakanni: yana da sarkinsa, yana da unguwarsa a manyan birane, yana da ɗan jagora da ƙoƙo. To amma mu ɗin nan ne kuma muke karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, wanda daga baya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa bar masa riƙon Madina idan zai fita. A kusa da mu kuma, Farfesa Jibril Isa Diso makaho ne da ya kai matsayin farfesa a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, Kano. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take yaye ɗalibai. Idan za ki yi wa baffanninta bayani, da waɗannan za ki fara, don sun fi shiga kunne fiye da maganar doka.

Abin da doka ta ce, da inda ta tsaya

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ake kira dokar 2018. Ta ce mai naƙasa yana da 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ba, ta wajabta wa makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da makaho za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ita ce ta haifar da Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020.

Abu biyu nake so ki riƙe. Karatun kyauta da dokar ta ambata iyakarsa sakandare, don haka kada wani ya ce miki jami'a kyauta ce a gare ta bisa doka. Na biyu, doka a takarda daban, doka a ofishin jami'in jarrabawa daban. Ki shiga kowace babbar makaranta yau ki ƙirga ɗakunan lakca da ke hawa na biyu babu wata hanya sai matakala. Amfanin dokar a wurinki shi ne ta mayar da roƙo ya zama neman haƙƙi. Wanda ya shiga ofis yana cewa a taimaka don Allah, da wanda ya shiga da takarda a rubuce yana ambaton doka cikin ladabi, ba amsa ɗaya suke samu ba. Na gwada duka biyun.

Gangaren da aka fi faɗuwa: sakamakon sakandare

Karatun lauya shekara 5 ne a jami'a, sannan a wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da rassa a wurare kamar Bwari ta Abuja da Bagauda ta Kano da Yola. Ana son kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma yawancin jami'o'i suna neman Lissafi ma. Ga kuma wata matsala: kowace tsangayar shari'a akwai adadin ɗaliban da hukumar ilimin lauyoyi ta yanke mata, ba za ta wuce shi ba, shi ya sa cunkoson ya fi na sauran kwasa-kwasan fasahar harshe da zamantakewa.

Lissafin nan shi ne ƙashin wuya. Ba don makaho ba ya iya lissafi ba. Mutumin da ya tsara alamomin lissafi na rubutun makafi da aka fi sani, Abraham Nemeth na Amurka, shi kansa makaho ne kuma malamin lissafi a jami'a. Matsalar ita ce malaminmu na lissafi da alli da allo ya saba. Zai tsaya ya ce "ku ɗauko wannan ku kai nan, ku raba da wancan", yarinya tana zaune ba ta san wanne ne wannan ba, wanne ne wancan. Shekara uku a haka, sai a ce ba ta da kan lissafi. Abin da za ki yi tun yanzu shi ne ki samo mata malami ɗaya da zai zauna da ita sau biyu ko uku a mako, ya riƙa furta kowace lamba da kowace alama da baki. Zanen kusurwa da da'ira a yi mata shi da zare da gam a kan kwali, ko a huda takarda da keken ɗinki babu zare, ta bi layin da yatsa. Na ga yaron da ya fahimci kusurwoyin alwatika a rana ɗaya da tsinken tsintsiya uku bayan ya yi shekara biyu yana haddar abin da bai gane ba.

Wasu jami'o'in suna sassauta wa makafi sharaɗin Lissafi a kwasa-kwasan da ba sa buƙatarsa, wasu kuma ba sa yi, kuma hukuncin majalisar malaman kowace jami'a ne. Ni dai shawarata kada a dogara da sassauci. A nemi kiredit ɗin kamar babu wata mafita, idan an samu an huta da roƙo.

WAEC da NECO duk suna buga tambayoyi da rubutun makafi da kuma manyan haruffa ga masu raunin gani, suna kuma ba da ƙarin lokaci. Amma sai makaranta ta sanar da su tun lokacin rajista. Kada ki ɗauka shugaban makaranta ya yi, ki je da kanki ki ga an rubuta. Tunda tana makarantar da ta saba da irin wannan, mai yiwuwa ba za a samu matsala ba, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Wani abu kuma kafin na wuce. Makantar da ƙyanda ke kawowa galibi tabo ne a kan baƙin ido, kuma wasu yaran suna da ɗan sauran gani da ba a taɓa aunawa ba. Ki kai ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano a sake duba ta. Ko babu abin da za a iya yi, za ki fito da takardar likita mai bayyana matsayin ganinta, takardar da za a riƙa tambayarki a kowane mataki daga nan har ta gama.

Yadda ake rubuta JAMB

A nan ne aka fi samun ci gaba. A 2017 hukumar JAMB a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede ta kafa wani rukuni na musamman da ake kira JEOG, wanda Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, aikinsa shirya wa makafi da wasu masu buƙata ta musamman jarrabawa. Ba a haɗa su da sauran ɗalibai a cibiyoyin kwamfuta na yau da kullum. Akwai cibiyoyi na musamman, a Arewa akwai Kano, a Jami'ar Bayero, akwai Abuja da Jos da Bauchi da Yola da Birnin Kebbi. Daga Funtuwa, Kano ce ta fi muku kusa. Hukumar tana ɗaukar nauyin masauki da abinci na ɗaliba da wanda ya rako ta, tana kuma taimakawa da kuɗin mota.

Darussa huɗu ne kamar na kowa, maki 400, nauyin tambayoyin ma bai bambanta ba. Ga mai neman lauya, Turanci da Adabin Turanci dole ne, sai ta ƙara biyu daga irin su Ilimin Gwamnati da Ilimin Addinin Musulunci ko Tarihi. Yadda aka saba, malamin darasin yana karanta tambaya da zaɓin amsoshi da babbar murya, yana maimaitawa, ɗalibai kuma suna rubuta amsa da allon rubutun makafi da tsinkensa, ko keken rubutu, ko kwamfuta. Daga baya an ƙara zaɓin a ba ɗalibi tambayoyin gaba ɗaya da rubutun makafi ya karanta da kansa. Wanne ya fi? Ya danganta da saurin yatsunta. Mai saurin karatu da yatsa ya fi samun natsuwa idan takardar tana hannunsa, don zai iya komawa baya, musamman a dogon nassin Turanci da ake yin tambayoyi a kansa. Wanda yatsunsa ba su yi sauri ba gara ya saurara. Ki gwada ta a gida da tsoffin tambayoyi ta hanyoyin biyu, da agogo a gabanki.

Kuskuren da na fi gani a wurin rajista yake faruwa. Sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake yin rajistar, don haka a yi mata tun yanzu, a tabbatar sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da na takardun makaranta. A cibiyar rajista kuma akwai gurbin da ake bayyana irin naƙasar da ɗalibi ke da ita. Yaron da ke cike fom yana sauri, layi ya yi tsawo, sai ya tsallake gurbin. Sakamakon haka sai a tura makauniya cibiyar kwamfuta ta kowa da kowa, ranar jarrabawa ta zauna gaban allon da ba ta gani. Ki tsaya a kansa ya karanta miki abin da ya cike kafin ya aika, a kuma sa lambar wayar da kullum take kunne, don ta nan ake kiran su. Ƙa'idojin kuɗin rajista da rangwamen da ake yi wa masu naƙasa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, sai ki duba sanarwar shekarar da za ta rubuta a ofishin JAMB na jiha.

Zaɓen makaranta ya fi zaɓen kwas wuya

Iyaye sukan zaɓi jami'a saboda suna ko kusanci da gida. Ga 'yarki ma'aunin daban ne: wace makaranta ce ta saba da makafi? Inda akwai Sashen Ilimi na Musamman, kamar Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da Jami'ar Ibadan, za a samu malaman da suka iya rubutun makafi, da tsoffin ɗalibai makafi da suka riga suka share hanya, ko da kuwa ita a tsangayar shari'a take. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ita ce ta fi kowace tara ɗalibai masu naƙasa da malamansu, sai dai horar da malamai ne aikinta. Jami'ar Ilorin kuma an san ta da cibiyar tallafa wa kurame.

Gani ya kori ji. Kafin a cike fom, ki ɗauki rana guda ku je makarantar da ita. Kada ki tsaya a ofishin manya, za su ce miki komai akwai. Ki nemi ƙungiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman, kusan kowace babbar makaranta tana da ita, ki zauna da wata ɗaliba makauniya da ke aji uku ko huɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye ta yadda take rubuta jarrabawa, wa yake juya amsarta zuwa rubutun da malami zai iya karantawa, ko sakamakonta ya taɓa ɓata, ko na'urar buga rubutun makafi da ke ɗakin karatu tana aiki ko kuwa an lulluɓe ta da leda ana jiran baƙi, ko ana ware musu ɗaki a hawa na ƙasa kusa da banɗaki. Amsar waɗannan ta fi duk wata takardar talla.

Idan makin lauya bai kai ba a karon farko, ba ƙarshen magana ba ne. Ana iya shiga ta difloma a fannin shari'a, ko ta NCE, sannan a nemi gurbin shiga kai tsaye zuwa aji biyu, gwargwadon sharaɗin kowace jami'a. Akwai kuma shari'ar Musulunci haɗe da ta zamani a jami'o'in Arewa da dama, idan tana da Larabci. Abin da ba na so shi ne a tura ta Ilimi na Musamman don kawai makauniya ce. Fannina ne, ina alfahari da shi, amma na gaji da ganin yaran da suka zo da burin aikin jarida ko lauya ko tattalin arziki, wani jami'in ɗaukar ɗalibai ya dube su ya yanke musu hukunci cewa can ne wurinsu. Idan aka sauya mata kwas a shafin JAMB, ba dole ne ta danna amincewa nan take ba. Ta tsaya a bincika tukuna.

Bayan an shiga

Bari na ba ki labarin da ya sauya yadda nake aiki. A shekarun farko na koyarwa, wani ɗalibina makaho yana rubuta jarrabawa da keken rubutu irin na da, mai ƙyallen tawada. An ajiye shi a ƙarshen zaure don ƙarar keken kada ta dami sauran. Ya zauna awa uku yana bugawa, gumi yana zuba, ya cika shafi shida. Ashe tun tsakiyar shafin farko tawadar ta ƙafe. Mai sa ido yana can bakin ƙofa yana hira, bai leƙa ba ko sau ɗaya. Da aka kawo mini takardun, farare ne tas, sai ɗan gurbin haruffa da ake ji da yatsa. Muka ɗaga su a hasken taga muna ƙoƙarin karantawa, ni da wani abokin aikina, muka ceto abin da ya kai rabi. Sai da aka yi wata biyu ana rubuce-rubuce kafin a yarda ya sake zama. Babu wanda ya nufe shi da sharri a cikin wannan duka. Kowa dai ya ɗauka wani ne ke kula.

Tun daga ranar na daina yarda da alkawarin baki. Makon farko da 'yarki ta shiga, ta rubuta takarda zuwa ga shugaban sashenta, kwafi ga jami'in jarrabawa da shugaban harkokin ɗalibai, haɗe da takardar likita. Ta faɗi abin da take buƙata dalla-dalla: izinin naɗar lakca, a ba ta bayanan darasi a kwamfuta maimakon takarda, ƙarin lokaci a gwaji da jarrabawa, hanyar da za ta riƙa amsawa, da wurin zama a gaba. A buga mata hatimin karɓa a kwafinta ta adana. Kowane sabon zango kuma ta je ta gaishe da kowane malami a ofishinsa kafin a yi nisa, ta gabatar da kanta. Yawancin malamai ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne, kuma wanda aka je aka same shi cikin girmamawa ya fi wanda aka kai ƙararsa saurin sakin bayanan darasinsa.

Maganar kwamfuta kuwa, idan da za ki tambaye ni abu ɗaya tak da za ki kashe wa kuɗi a wannan shekara, shi ne. Rubutun makafi ginshiƙi ne, kada ta sake shi, da shi za ta san yadda ake harhaɗa kalma da inda ake sa aya, kuma lauya da ke tsaye gaban alƙali yana buƙatar bayanan da zai bi da yatsa yana magana. Amma littafin shari'a guda ɗaya idan aka juya shi zuwa rubutun makafi sai ya zama kundi da yawa, ga tsadar takardar, kuma malaminta ba zai iya karanta abin da ta rubuta ba. Kwamfuta ce ke cike wannan giɓi. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya: NVDA kyauta ce, JAWS ta kuɗi ce mai tsada, kuma ta kyautar ta ishe ta. A waya akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, suna cikin wayar tun daga kamfani, kunnawa kawai ake yi. Ta koyi bugu da yatsu goma har ta kai ba ta tunanin inda harafi yake. Ɗalibar da ta iya wannan za ta rubuta jarrabawarta a kwamfutar da aka bincika, a buga a takarda nan take, ta sa hannu, a haɗa da na sauran. Babu mai juyawa a tsakani, babu jiran wata biyu. Muryoyin nan dai da Turanci aka gina su, idan suka ci karo da Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa, sai ki ji kamar Bature yana cinikin goro a kasuwar Kurmi. Ga mai karatun lauya wannan ba babbar damuwa ba ce.

Game da littattafai, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh, ta ƙasa da ƙasa kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da an nemi izinin mawallafi ba. Idan ma'aikacin ɗakin karatu ya ce ba zai bari a ɗauki hoton shafukan littafi don a mayar mata da su rubutun kwamfuta ba saboda haƙƙin mallaka, to dokar tana bayanta. A kula dai, bayanan darasi da aka ɗauka hoto da waya aka tura a WhatsApp, ga manhajar karatu hoto ne kawai, ba ta ganin rubutun ciki sai an bi ta wata manhajar da ke ciro haruffa, ita ma idan rubutun hannu ne ko kwafin ya dushe sai ta kawo shirme.

Sai tambayar baffanninta: wa zai yi mata jagora? Amsar da nake fata ita ce, mafi yawan lokaci, farar sandarta. Yara mata da yawa suna jin kunyar riƙe sanda, iyaye ma sukan hana, wai kada a ce bara take. Wannan kunya tana da tsada. Yarinyar da ba ta iya zuwa banɗaki ko masallaci sai an kai ta, rayuwarta tana hannun wanda ya ga dama, kuma a makarantar da ke da dubban mutane ba kowa ne na Allah ba. A nemi malamin da zai koya mata tafiya da sanda tun tana sakandare. Idan ta samu gurbi, ku je kwana uku ko huɗu kafin a buɗe, lokacin da harabar take shiru, ku bi hanyar ɗakin kwana zuwa tsangaya sau goma, tana ƙirga taku, tana lura da inda kwalta ta ƙare, inda kwata take a buɗe, inda ƙarar injin wuta ko ƙamshin mai suyar ƙosai zai gaya mata ta iso kwana. Ƙawaye za ta yi su, kuma za su karanta mata, su riƙe mata hannu a cunkoso. Amma ƙawancen ya fi daɗewa idan ita ma tana da abin bayarwa. Ɗalibaina makafi da suka fi jin daɗin makaranta su ne waɗanda 'yan ajinsu ke rububin zama kusa da su lokacin bita, don su ne suka saurari lakcar sau uku.

Kuɗi

Ki sa a ranki karatunta zai fi na 'yan'uwanta tsada: kwamfuta, na'urar naɗar murya ko waya mai kyau, batirin ajiyar wuta, takardar rubutun makafi, kuɗin Keke Napep inda wasu za su taka da ƙafa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana kuma ba da kuɗin kashewa na wata-wata, babu ruwa a kai, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Rance ne dai, sai ku zauna da mahaifinta ku auna. Ki kuma bincika hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku, da hukumar zakka, da reshen ƙungiyar makafi ta ƙasa, don su suka fi saurin jin labarin inda ake rabon kayan karatu. Wasu makarantun suna rage wa masu naƙasa kuɗin rajista ko na ɗakin kwana, amma ba a cika sanarwa ba sai wanda ya tambaya.

Na san masu karanta wannan amsa akwai iyayen kurame da na masu amfani da keke. Aikina ya fi yawa da makafi, don haka a taƙaice zan tsaya. Kurma matsalarsa tafinta: lakcar awa biyu babu mai fassara da hannu daidai take da bai zo ba, kuma maganar hannu da ake yi a gida da kasuwa a ƙasar Hausa daban take da ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Mai keke kuwa ba ya buƙatar komai a wurin malami, gini ne abokin gabarsa. Na taɓa ganin wata ɗaliba da samari huɗu ke ɗauka da kekenta zuwa hawa na biyu sau uku a mako, tana rufe fuska da mayafi har a sauke ta. Maganin bai ci ko kwabo ba: aka musanya ɗakin lakcar da na ƙasa. Zango guda cur aka yi kafin wani ya rubuta takardar neman hakan.

Hajiya, ban ga 'yarki ba, ban ji karatunta ba, don haka ba zan ce miki lallai za ta samu lauya a karon farko ba, masu ido ma suna nema su rasa. Malamanta na yanzu sun fi ni sanin ƙarfinta, ki zauna da na Turanci da na Lissafi su gaya miki gaskiya ba yabo ba. A hutun nan mai zuwa, ki fara da asibitin ido da lambar shaidar ɗan ƙasa, ki sa mata NVDA a kowace tsohuwar kwamfuta da za ki iya samu, ko ta aro ce. Idan ta fara bugu, ki sa ta rubuto mini tambayarta ta gaba da hannunta.